Fentin Ne Yake Fita

A garejin Baba akwai doka ɗaya da ba a rubuta ta ba, ba a kuma taɓa karya ta ba. Duk wanda ya fito daga ɗakin feshin fenti sai ya huda gwangwanin madara ya shanye kafin ya yi magana da kowa. Baba ne ya kafa ta tun ina rarrafe. Cewa yake madara tana wanke fenti daga ƙirji, ta tura shi ƙasa, ya fita ta inda ruwa ke fita. Takunkumin roba kuwa akwai shi, guda biyu ma, a rataye jikin ƙusa, gizo-gizo ya daɗe da yin gida a cikinsu. In ka ɗauka za ka sa, Baba zai dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka ko aikin tiyata za ka shiga.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ni ke ɗinka kujerun mota a lungun da ke kusa da ƙofa. Mutanen gareji Barkono suke kirana, ban taɓa musu ba, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk zafin da ke kaina a wurin Baba na gado shi. Mijina shi ne babban mai feshi a wurin. Ana ce masa Madubi, saboda in ya gama da mota kana iya gyara hularka a jikin ƙofarta. A hannun Baba ya koyi aiki, a hannun Baba ya same ni, shi ya sa in Baba ya ce dare ne, ko rana na tsaka Madubi zai kunna fitila.

Yadda suke tashi daga aiki kullum iri ɗaya ne. A zuba tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, a tsohon kwano, a wanke hannu da ita har gwiwa, wani lokaci har wuya da gefen fuska, a goge da tsumma. Daga nan madara. Daga nan Madubi ya jingina da bakin ƙofa ya kunna sigari, wai tana kashe ɗanɗanon fentin a maƙogwaro. Shekara goma sha biyu ina kallon wannan, ina ɗinkina, ban ga komai a ciki ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba a nan.

A watan da abin ya faru an kawo mana wata doguwar bas, za a mayar da ita ja daga fara. Madubi bai daɗe da tashi daga wata mura mai nacin tsiya ba, amma ya shige ɗakin feshi ya rufe ƙofa da tagogi don kada ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti. In ya fito, gashin hancinsa ma ja ne.

Ranar Litinin da safe na shiga banɗaki bayansa, na tarar bai kora ruwa sosai ba. Abin da na gani launin shayin da aka manta a kan wuta ne. Na fito na tare shi yana ɗaura takalmi.

"Baban yara, me na gani a banɗaki?"

"Me kika gani?"

"Fitsarinka. Kamar an jiƙa tsatsa."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ke dai ba kya rabo da bincike. Jan fenti nake fesawa, jan abu ya fita, ina abin mamaki? Fentin ne yake fita. Madarar Baba ce ke aikinta."

"Da ka fesa wa motar nan shuɗi a bara, shuɗi ka yi?"

"Shuɗi ba ya da ƙarfin ja," in ji shi, ya ɗauki makullin babur.

Na yi tsaki na bar maganar. Wannan tsakin shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Ranar Laraba ya tashi da fuska a kumbure, idanunsa sun shige ciki. Takalmin da yake sawa shekara biyu ya ƙi shiga sai da ya take bayansa. A gareji Dogo, mai buga ƙarfe, ya ce ashe Barkono ta fara ciyar da miji, har kumatu ya aje. Kowa ya yi dariya. Baba ya danna yatsa a ƙafar Madubi, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya girgiza kai irin na wanda ya san komai, ya ce fentin ya yi yawa a jiki, daga yau a riƙa ba shi gwangwani biyu.

"Baba, asibiti fa?" na ce.

"Uwata, shekara arba'in ina wannan aiki. Kin taɓa ganina a gadon asibiti? A gama bas ɗin nan, ranar Asabar mai ita zai zo. In ya so ya je ya huta."

Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma in ya kira ni da shi yawanci bakina mutuwa yake yi. Ranar ma bakin nawa ya mutu.

Ranar Juma'a da hantsi ina yanka leda, na ji tari daga ɗakin feshi, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Madubi ya fito yana goge baki da tsumma, ya jefar da shi kusa da keken ɗinkina. Akwai ja a jiki. Dogo ya leƙa ya ce fenti ne, kowa ya shaƙi ja sai ya tofar da ja.

To ni mai ɗinki ce. Allura ta soke ni ya fi sau dubu, na san yadda jini ke zama a jikin ƙyalle. Na ɗauki tsumman na tsoma a bokitin ruwan sanyi na murza. Fentin mota ba ya jin ruwa, ko kwana ya yi a ciki. Wannan kuwa nan take ya saki, ruwan ya yi jaja-jaja. Na tsaya da tsumman a hannu, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ni kuma tsoro ba ya daɗewa a jikina, fushi yake komawa.

Madubi ya riga ya koma ciki, injin iska ya tashi. Na ɗauki babban almakashina na yankan leda, na bi tiyon iskar da ke shiga ƙarƙashin ƙofa, na datse shi gida biyu. Ya yi wata ƙara kamar an taka maciji, ya dinga bulala a ƙasa. Kowa a gareji ya juyo. Madubi ya buɗe ƙofa riƙe da bindigar fentin da ta mutu a hannunsa.

"Kin haukace ne?"

"Na haukace. Cire rigar nan, asibiti za mu."

Baba ya taso daga kujerarsa. Tun ina yarinya ban ga jijiyar goshinsa ta tashi haka ba. "A garejina? Ki yanka mini kayan aiki a gaban mutanena? Rabin gefe ya rage, in ya bushe haka sai an kankare duka!"

"A kankare, Baba. Ga bokiti can, ka je ka duba. In fenti ne ke narkewa a ruwa, ni ma na sha gwangwani biyu."

Bai duba ba. Ya ce in na fita da mijina yanzu, to in haɗa da kekena, kada ya ƙara ganina a wurin. Na ce keken yana nan, zan aiko a ɗauka. Madubi ya tsaya tsakaninmu yana kallon wannan yana kallon wancan, kamar akuyar da aka ɗaure da igiya biyu. Abin da ya raba gardamar tari ne. Ya sake turnuƙe shi, ya durƙusa, abin da ya fito a kan siminti ko Dogo bai ce fenti ba ne. Dogon ne ya kama mini shi muka sa a mota.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsari, aka auna shi aka ce jininsa ya hau sosai. Kafin la'asar an tura mu wurin likitar ƙoda, wata gajeriyar mata mai tabarau wadda ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Ta ja kujera ta zauna kusa da gadon ta fara tambaya.

"Kana shan sigari?"

"Ɗaya-biyu haka, in an gaji," in ji Madubi.

"Kwali guda a rana, Likita," na ce. "Shekara ashirin."

Ya harare ni. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta tambayi aikinsa. Da ta ji feshin fenti ne sai ta ajiye biro. Ɗakin yana da iska? A rufe yake ruf. Takunkumi? Na gaya mata labarin gizo-gizo. Da me yake wanke hannu? Tina, in babu tina fetur. Yana goge ƙarfe da yashi ko ya shaƙi ƙurar dutse? Wani lokaci, in an kawo tsohuwar mota mai tsatsa. Ya yi mura ko ciwon maƙogwaro kwanan nan, ko ƙuraje masu ruwa a fata? Mura, sati uku da suka wuce. Ta tambayi magungunan da yake sha, na asibiti da na kan hanya, ta tambaya ko a danginsu akwai mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon gaɓoɓi da ƙurajen fuska da ba sa jin magani. Wannan babu. Tana rubutu, ni ina jin kamar kayan gidana ake fitarwa tsakar titi ɗaya bayan ɗaya.

"Abin da nake zargi," in ji ta, "garkuwar jikinsa ce ta juyo tana yaƙar matatar da ke cikin ƙodarsa, da kuma huhunsa. Shi ya sa jini a fitsari, jini a tari. Ba irin ciwon ƙodar da ke tafiya a hankali shekara da shekaru ba ne. Wannan a kwanaki yake cin ƙoda, wani lokaci sati biyu-uku ya gama da ita."

"Fentin ne ya jawo?" na tambaya.

"Ba zan rantse miki ba. Mutane da yawa suna wannan aikin har su tsufa ba su same shi ba, wasu kuma suna samunsa ba su taɓa riƙe gwangwanin fenti ba. Amma sigari, da shaƙar tina da fetur, da mura a kai, duk suna raunana huhu su buɗe wa ciwon hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya tara su duka. Yaushe fitsarin ya canja?"

"Litinin."

Ta dubi kalandar bango, ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni ma ya fi mini sauƙi.

Ba su jira gobe ba. Ranar aka fara ɗura masa magani mai ƙarfi ta jijiya, washegari aka sa masa bututu a wuya, aka haɗa shi da injin da ke cire ruwan jininsa a zuba masa wani. Daga baya suka ciri ɗan tsoka daga ƙodar da allura don su ga iya ɓarnar. Aka hana shi gishiri, aka auna masa ruwan da zai sha a ƙaramin kofi, aka ba ni wata roba mai layi-layi in riƙa tara fitsarinsa ana aunawa. Ni da nake ƙyamar wankin banɗaki na zama mai gadin fitsari. In ya ƙaru da yatsa ɗaya sai in ji kamar an yi mini albishir. Kwana uku ya ƙi ƙaruwa, har sau biyu sai da aka yi masa wankin ƙoda.

Madubi bai daina mita ba. Wai bas ɗin mutane. Wai Dogo ba zai iya haɗa jan daidai ba, zai fito kamar tumatirin da ya kwana. Ranar nan na kama shi yana roƙon mai shara kara ɗaya na sigari. Na ce wa mai sharar in ya kuskura, da tsintsiyarsa zan raka shi har bakin titi. Madubi kuma na ce masa in yana son mutuwa ya bari sai na gaji, kuma ban ga alamar gajiya ba tukuna.

Baba bai zo ba sai a rana ta tara. Na ga shigowarsa daga nesa, sanye da rigarsa ta fita, da leda a hannu tana ƙara. Tun kafin ya ƙaraso na san abin da ke ciki. Ya ajiye a kan durowa, gwangwani shida.

"Ka sha, ya ƙarasa fita," ya ce wa Madubi, bai ko kalle ni ba.

Madubi ya miƙa hannu. Wallahi ya miƙa hannu, da bututu a wuyansa. Na riga shi na ɗauke ledar.

"Baba, ruwan da zai sha yau duka bai kai gwangwani biyun nan ba. Ƙodarsa ba ta iya fitar da shi. In ya sha, a huhunsa zai taru."

"Ke kika zama likita?"

"A'a, ga ta nan."

Likitar ta shigo zagaye. Baba ya gyara tsayuwa ya gaya mata abin da yake gaya wa kowa, shekara arba'in yana feshi, ga shi garau, kuma madara ce sirrin. Ta saurare shi har ya gama, ta kira shi Baba, ta ce Allah ya ƙara lafiya, amma madara ciki take shiga, tururin tina kuwa huhu yake shiga ya wuce jini, ba sa ma haɗuwa a hanya. Ta ce sa'a ya yi, kuma sa'ar mutum ɗaya ba ta zama magani ga wani. Sannan ta nuna masa robar da ke ƙarƙashin gado.

"Wannan ne abin da ƙodarsa ta fitar tun jiya. Jan da kuka gani ba fenti ba ne, jininsa ne."

Baba ya sunkuya ya daɗe yana kallon robar. Daga nan ya bi bututun da ido, daga wuyan Madubi zuwa injin, daga injin ya dawo. Na shirya masa amsa guda goma a bakina, ina jiran ya ce tak. Sai kawai ya miƙe tsaye. Ya karɓi ledarsa daga hannuna ya fita, tana ƙara har ya sha kwana.

A sati na uku fitsarin ya fara hawa layi. Launinsa ya washe, kumburin ya saɓe, tarin ya tsaya. Ranar da aka cire bututun likitar ta zaunar da mu. Ta ce wani sashe na ƙodar ya riga ya mutu, ba zai dawo ba har abada. Abin da ya rage bai kai rabi ba, amma zai iya riƙe shi ba tare da inji ba, in an lallaɓa shi. Magani na watanni, zuwa asibiti a kai a kai. Sigari ko kara ɗaya. Ɗakin feshi kuwa, ko leƙawa.

"Ko da takunkumi?" in ji Madubi.

"Da lafiyayyen mutum ne da na ce ya sa takunkumi mai kyau ya buɗe tagogi. Kai ba ka da abin da za ka yi caca da shi."

Ya kawar da kai gefe. Na san wannan kawar da kan, na mutumin da ya riga ya yanke abin da zai yi ne.

Ranar sallama Dogo ya zo ɗaukarmu. Muna hawa titi Madubi ya ce a bi ta gareji. Na ce gida. Ya ce zai duba bas ɗin ne kawai, an ce mai ita ya ƙi karɓa saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu, awa biyu ta ishe shi ya daidaita, daga nan ya bari har abada. Na ce awa biyun nan sai dai a kan gawata. Ya ce shi ba mace ba ne da zai zauna a ɗaka yana ƙirga ƙwayoyi, in bai riƙe bindigar fenti ba shi wane ne? A nan muryarsa ta karye, ya juya yana kallon taga. Tausayinsa ya kama ni, amma ban sassauta ba. Dogo dai ya bi maganar abokinsa ya karya kan mota zuwa gareji, ni kuma na naɗe hannun riga, don na san mutum biyu zan yaƙa a wurin.

Bas ɗin na tsaye a fili, gefe ɗaya kamar ba uwarsu ɗaya da ɗayan ba. Madubi ya fito a hankali yana dafa mota, idonsa a kanta. Na sha gabansa. Kafin in buɗe baki sai ga Baba ya fito ya tsaya a tsakiyar ƙofa, ya dafa gefe da gefe da hannuwansa.

"Ina za ka?"

"Baba, gefen nan zan ɗan..."

"Ba ka da aiki a nan."

Madubi ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne. "Baba, ni ne fa."

"Na san kai ne. Na kore ka. Kayanka suna wurin Dogo, zai kai maka gida. In na ƙara ganin ƙafarka ta tsallake ƙofar nan, ban yafe ba." Ya ɗaga murya yadda duk gareji zai ji. "Duk wanda ya ba shi bindiga ko ya ara masa ɗaki a garin nan, ni da shi ne."

Shekara ashirin da biyu yana ƙarƙashin mutumin nan, bai taɓa ƙetare maganarsa ba, kuma Baba ya san haka sarai. Madubi ya tsaya baki buɗe. Ni ma na tsaya da faɗan da na ɗauko tun daga asibiti, na rasa inda zan sauke shi. Hawaye na bin gemun Baba, bai saki ƙofar ba balle ya share.

"Uwata," ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "ɗauke mijinki ku tafi, rana tana dukansa."

Na kama hannun Madubi. Bai ƙwace ba.